Gargaɗin Hasumiya Ga Jirgin Da Ya Yi Ƙasa Da Yawa

Jama'ar Mawashi da Kankiya da Kusada sun san yadda hazo kan rufe gari da hunturu, har mutum ya kasa hango kukar da ke bakin gonarsa. To, a irin wannan rana matuƙin jirgin sama mai nufin sauka Katsina ko Kano ba ya ganin fili sai ya zo dab da shi. Da na'urorin gabansa yake saukowa, babba a cikinsu kuwa ma'aunin tsawo, wanda ke aiki da nauyin iska. Ma'aikacin hasumiya shi ke gaya masa lambar nauyin iskar ta rediyo. In aka ƙara masa goma bisa kuskure, sai jirgi ya sauko wajen ƙafa 280 ƙasa da inda ake zato, alhali ma'auni na nuna lafiya lau. Haka ta faru a Faris cikin Mayu 2022, saura ƙafa 6 jirgin ya taɓa ƙasa kafin ya sake ɗagawa.

Mu ma abin bai bar mu ba. Ran 20 ga Nuwamba 1969 jirgin Nigeria Airways ya tashi daga Kano, ya bugi itatuwa mil 8 kafin filin Ikko, mutum 87 da ke ciki duka suka rasu.

Domin irin wannan ne Amurka ta fito da wata dabara cikin shekarun 1970. Na'urar rada tana gwada tsawon kowane jirgi da tudun ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da ta ga ya yi ƙasa da ƙima sai ƙararrawa ta kaɗa a hasumiya, nan take ma'aikaci ya kira matuƙi ya ce ya duba tsawonsa, ya kuma maimaita masa lambar iska.

Amma fa ƙararrawa mai yawan kuka ba dalili takan gundiri masu aiki. A tsibirin Guwam, saboda wannan damuwa, aka taƙaita aikinta har ta zama kamar babu. Ran 6 ga Agusta 1997 jirgin Koriya ya daki tudu da dare yana saukowa, mutum fiye da 220 suka hallaka. Masu bincike suka ce da tana aiki, da an sami gargaɗi daƙiƙa 64 kafin haɗarin. A ganina, a nan maganar take: sayen na'ura shi ne mai sauƙi, daidaita ta da tuddan kowane fili da horar da mai zama gabanta shi ne aiki.

Ya kamata hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyarmu, ta bayyana wa jama'a filayen Arewa da wannan ƙararrawa ke aiki a cikinsu, gama aikin Hajji na matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, kuma nan gaba jigilar alhazanmu za ta sake faɗowa tsakiyar hazo, kamar yadda ta yi a Janairun 1973.