Mai Ciwon Daji Tsakanin Tsoro Biyu

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare an kulle garin, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, masu haƙa kabari kuma suka fara kokawa da yawan gawarwaki. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a ƙwaryar birni, rabinsu ko fiye ana alaƙanta su da annobar. Sauran fa? Cikinsu babu mamaki akwai waɗanda tsoron asibiti ya zaunar a gida.

Tsoron mai ciwon daji ba shirme ba ne. Maganin kemo yana karya garkuwar jiki, ta yadda tarin da wani zai warke cikin mako ɗaya shi yana iya kai shi kushewa. Amma maganin yana da ƙa'ida, sau da yawa duk bayan mako uku, ƙarin kuma ba ya jiran a buɗe gari. A lokacin kullen, asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ƙofa, ma'aikatan lafiya sun kamu, har ɗakin gwajin korona na Asibitin Malam Aminu Kano sai da aka dakatar na ɗan lokaci. Wanda aka rubuta wa gashi da na'ura kuwa, dama Shika ko Sakkwato ko Abuja yake nufa, ga shingayen jami'an tsaro a hanya har zuwa 1 ga Yuli.

Abin ya fi ƙamari a kan leburorin Sharaɗa, Challawa da Bompai. Mai jiƙa fata a majema ko mai tsaron injin robobi, da yawansu ranar da aka yi aiki ake biya. Injin ya tsaya, kuɗin allurar matarsa mai sankarar mama ya tsaya. Ita kuma ta koma wa jiƙe-jiƙe, ƙullutun yana girma a ƙarƙashin mayafi.

Bai kamata a jira wata annobar ba. Kamata ya yi Gwamnatin Kano ta ware wa masu daji ƙofa da ɗakin jira nasu a manyan asibitoci, ta tanadi takardar wucewa wadda ɗan sandan kan hanya zai mutunta. Masu masana'antu kuma su sa leburorinsu da iyalansu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, har da waɗanda ake ɗauka a bakin get kowace safiya.