Jakar Hannu ko Babbar Jaka: Wace ce Ta Fi Dacewa da Matafiyi a Jirgin Sama?

Gabatarwa

Hausawa mutane ne matafiya tun fil azal. Kafin zuwan mota da jirgin ƙasa, fatake sukan haɗa ayari su nufi Gwanja sayen goro, maniyyata kuma su bi ta Barno da Wadai da Darfur, wani lokaci su share shekaru kafin su isa Makka. Falken wancan zamani ya san bambancin abin da ake ɗora wa jaki a mangala da abin da ake ɗaurawa a ƙugu cikin lalita. Tun daga shekarar 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano, tafiyar watanni ta yi ta raguwa har ta koma ta sa'o'i, amma tambayar da falke yake yi wa kansa tana nan: me za a riƙe a jiki, me kuma za a ba wani amanarsa?

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, bai kamata nauyi kaɗai ya raba gardama tsakanin jakar hannu da babbar jaka ba. Abin da ya kamata a duba shi ne darajar kaya da irin buƙatar da ake da ita gare su. Duk abin da rashinsa zai ɓata tafiya, ko ba a iya mayar da gurbinsa, ya zauna tare da mai shi a ƙaramar jaka marar nauyi. Duk abin da za a iya sayen irinsa a kasuwa kuwa, a auna shi a miƙa wa ma'aikatan jirgi.

Ma'anar Jakunkunan Biyu

Jakar hannu ita ce wadda fasinja yake shiga jirgi da ita, ya ajiye a akwatin da ke saman kujeru ko a ƙarƙashin kujerar da ke gabansa. Yawancin kamfanonin jiragen sama sukan ƙayyade nauyinta tsakanin kilo 7 zuwa 8, wasu su kai 10, kuma akan iyakance tsawonta da faɗinta. Babbar jaka kuwa ita ce wadda ake aunawa a wurin tantance fasinjoji, a liƙa mata lamba, a kai ta ma'ajiyar kaya da ke ƙarƙashin jirgi, ba za a sake ganinta ba sai an sauka. A ƙaramar kujera nauyinta yakan kama daga kilo 20 zuwa 23, kuma galibi ba a karɓar jaka guda da ta wuce kilo 32, saboda lafiyar ma'aikatan da ke ɗaga ta. Alhazan Nijeriya sun san wannan rabo sarai, domin shekaru da dama Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta riƙa ba kowane maniyyaci damar ɗaukar kilo 32 a babbar jaka da kilo 8 a jakar hannu. Tun da yake kowane kamfani da tasa ƙa'ida, kuma ƙa'idojin sukan sauya, wajibi ne matafiyi ya karanta abin da aka rubuta a tikitinsa kafin ya fara shirya kaya.

Hujjar Masu Fifita Jakar Hannu

Akwai matafiyan da suke ganin hikima ita ce a cusa komai a jakar hannu a huta, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce lokaci: wanda bai auna kaya ba, da zarar jirgi ya sauka sai ya kama gabansa, ba ruwansa da tsayuwar jiran jaka. Ta biyu ita ce kuɗi. Tun daga 2008 da manyan kamfanonin Amurka suka fara karɓar kuɗi a kan jakar farko da fasinja ya auna, wannan ɗabi'a ta yaɗu, musamman a kamfanoni masu arhar tikiti. Ta uku kuma, wadda ta fi ƙarfi, ita ce tsoron ɓacewar kaya. Alƙaluman kamfanin SITA, mai kula da na'urorin sadarwa na harkar jiragen sama, sun nuna cewa a 2024 jakunkuna sama da miliyan 33 ne suka makara, ko suka lalace, ko suka ɓace a duniya. Kaso mafi girma na wannan matsala yana aukuwa ne a wurin sauya jirgi, abin da ya shafi duk wanda zai tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai ya ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira kafin ya wuce.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna da ɗaya fuskar. Idan aka raba su da yawan fasinjoji, za a ga jakunkuna kimanin 6 ne suka sami matsala a cikin kowane fasinja 1,000, alhali a 2007 adadin ya kusa 19. Bugu da ƙari, mafi yawansu makara suka yi, daga baya aka mayar wa masu su. Wato haɗarin gaskiya ne, amma bai kai a ce dominsa mutum ya mayar da kansa ɗan dako ba.

Inda Hujjar Ta Gaza

Babban aibin cika jakar hannu shi ne, wahalarsa ba ta tsaya ga mai ita kaɗai ba. Akwatunan saman kujeru na kowa da kowa ne, kuma ba su isa ɗaukar jaka ga kowane fasinja ba. Idan mutum ɗaya ya shiga da jaka da leda da ƙunshi, ya ci haƙƙin maƙwabcinsa, ya tsayar da layi, wani lokaci ma ya jawo jinkirin tashi. Daga ƙarshe sai ma'aikata su karɓe jakar a ƙofar jirgi su kai ta ƙasa, da duk abin da mai ita yake gudun rabuwa da shi a ciki. Ga dattijo ko mai juna biyu ko mai goyo kuwa, jan kaya mai nauyi a dogayen barandun filin jirgi da hawa matakala da shi azaba ce da aka ɗora wa kai ba dalili.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rai. Ana ƙera jiragen fasinja ne bisa sharaɗin a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, ko da rabin ƙofofin ba su buɗu ba, kuma wannan lissafi bai haɗa da jaka ba. A watan Agusta na 2016, lokacin da wani jirgin Emirates ya yi haɗari wajen sauka a Dubai, an ga hoton bidiyon fasinjoji suna kokawar buɗe akwatuna don ɗaukar kayansu, ma'aikata na roƙon su bari su fita. Allah ya tsare mutane 300 da ke ciki, amma wani ɗan kwana-kwana ya rasa ransa wajen kashe wutar. A ranar 2 ga Janairun 2024 kuwa, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokiyo, ya ƙone ƙurmus, amma duk mutane 379 da ke cikinsa suka fita da rai, kuma masana sun yaba da yadda suka bar kayansu suka bi umarni. Gwargwadon yawan abin da mutum ya tara a saman kansa, gwargwadon yadda zuciyarsa za ta riya masa ya tsaya ɗauka a lokacin da tsayuwar daƙiƙa biyar take iya halaka na bayansa.

Har ila yau, doka ta hana wasu abubuwa shiga jakar hannu. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka an tsananta hana wuƙa da reza da sauran abubuwa masu kaifi. A 2006 kuma, bayan an bankaɗo wani shiri na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa a Ingila, aka ƙayyade cewa duk wani abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Wasu filayen jirage masu sababbin na'urorin bincike sun sassauta wannan doka, amma tana aiki a mafi yawan wurare. Saboda haka kwalbar turare ko zuma ko man shanu da aka sa a jakar hannu, ƙarshenta kwandon jami'an tsaro. Ruwan Zamzam ma yana da nasa tsari: hukumomin Saudiyya sun hana cusa shi a cikin kaya, ana ɗaukarsa ne daban a mazubi na musamman mai lita 5.

Abin da Bai Kamata Ya Rabu da Mai Shi ba

Wannan ba ya nufin a jibge komai a babbar jaka. Wanda ya yi haka shi ma ya yi ganganci, domin akwai abubuwan da wurinsu jikin mai su ne kawai. Na farko su ne takardu: fasfo da tikiti da katin rigakafi, da takardun shaidar karatu ga ɗalibi ko malamin da zai tafi ƙaro ilimi. Na biyu kuɗi da zinariya da waya da kwamfuta. Na uku magunguna, musamman na hawan jini da ciwon sukari da asma, tare da takardar likita da tabarau. Na huɗu tufafin kwana ɗaya, don ko jaka ta makara. Maniyyacin da jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye yana da ƙarin dalili, domin zai ratsa miƙati yana sararin sama. Idan haraminsa yana ƙarƙashin jirgi, ya jefa ibadarsa cikin matsala.

Akwai kuma dalili na shari'a. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Nijeriya take cikinta, ta iyakance diyyar da kamfani zai biya fasinja a kan kayansa. Tun daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar ta kama kimanin dalar Amurka 2,000, komai tsadar abin da ke cikin jakar, sai fa in mai ita ya bayyana darajarta tun farko ya biya ƙarin kuɗi. Ke nan 'yar kasuwar da ta sa gwala-gwalan miliyoyi a babbar jaka ta yi kasada da jarinta. Yarjejeniyar ta kuma ba da kwana 7 don kai ƙara a rubuce idan jaka ta lalace, da kwana 21 idan ta makara, kuma abin da ya fi shi ne a kai rahoto tun kafin a bar filin jirgi.

Batir na litiyam, irin na waya da na'urar ajiye caji, shi ma dole ya kasance tare da fasinja, kuma an haramta sa wanda ba ya cikin na'ura a babbar jaka. Dalili shi ne yana iya yin zafi ya kama da wuta, kuma wutar da ta tashi a gaban idon ma'aikata ta fi sauƙin kashewa a kan wadda ta tashi inda hannu ba ya kai wa. Duniya ta ga illar gobarar ma'ajiyar kaya a 1980, lokacin da wuta ta tashi a ƙarƙashin wani jirgin Saudiyya bayan tashinsa daga Riyad, mutane 301 suka rasu. A Janairun 2025 kuma wuta ta tashi daga akwatin saman kujeru a jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu, masu bincike suka danganta ta da na'urar ajiye caji. Tun daga nan kamfanoni da dama suka ce a riƙe irin wannan na'ura a aljihu ko a ƙarƙashin kujera inda ido zai gan ta.

Babbar Jaka da Amanar Saƙo

Saura wani al'amari da ya fi shafar al'ummar Hausawa, wato saƙo. A al'ada, abin kunya ne a roƙi matafiyi ya kai wa wani ƙunshi ya ƙi. Amma a filin jirgi doka ba ta san mai saƙo ba, wanda sunansa yake kan jaka ta sani. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina bisa zargin shigar da miyagun ƙwayoyi, laifin da hukuncinsa yake iya kai wa ga kisa a Saudiyya. Ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya ya gano cewa wasu ɓata-gari ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Ita ko saƙo ba ta karɓa ba, ina ga wanda ya karɓi ƙunshin da bai buɗe ba? Darasin shi ne, matafiyi ya shirya kayansa da hannunsa, ya kulle, ya sa alama, ya tsaya a auna a gabansa, ya ƙirga 'yan takardun shaidar da aka ba shi ya tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunansa, ya adana su har ya fita daga filin jirgi. Saƙon da ba a yarda a buɗe ba kuwa, ƙin karɓarsa ba rashin zumunci ba ne, rigakafi ne, wanda Hausawa suka ce ya fi magani.

Kammalawa

A taƙaice, kowace jaka da aikinta. Mai tafiyar kwana biyu daga Sakkwato zuwa Abuja don halartar taro, jakar hannu ta ishe shi. Alhaji da ɗan kasuwa da ɗalibin da zai yi shekara a waje kuwa, ba makawa su auna kaya. Abin da ya haɗa su duka shi ne tambaya guda da ya kamata a yi wa kowane abu kafin a sa shi a jaka: idan wannan ya yi kwana uku bai iso ba, me zai faru? In amsar ita ce tafiya za ta lalace, a riƙe shi a hannu. In kuwa haƙuri kawai za a yi, a auna shi. Malamin da ya fahimci wannan zai iya koyar da shi a aji da kuma wurin bitar maniyyata, inda sau da yawa shi ne mai karanta wa jama'a abin da ke rubuce a tikiti.