Tekun Adar: Kaza Ta Kwana Kan Dami

Ƴan'uwa masu karatu, in ka tambayi ɗan lakwal na Ƙonni ko na Illela inda teku take, zai ce maka tana Kwatano ko Lome, can inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ke nan. Amma an rage masa rabin magana. Ƙasar nan da yake takawa kullum, daga Malbaza har Badagishiri, gindin teku ce ta da can. Shaidar tana nan zube cikin duwatsunmu, awaki na tsallake ta, mu kuma muna ɗebe ta muna tare zaizayar gona.

Ga yadda masana duwatsu suka bayyana abin. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan gishiri ya sha malalowa daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yau, ya rufe Adar da ƙasar Sakkwato. Ya zo, ya janye, ya sake dawowa. Halittun da suka rayu cikinsa, in sun mutu, ɓawonsu ya kwanta a ƙasa, wani bisa wani, har ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa. Dutsen nan ne gidan siminti na Malbaza ke fasawa yana gasawa tun shekarun 1960. Wato duk wanda ya shafe ɗakinsa da simintin Malbaza, da ɓawon namun teku ya shafe shi.

Wanda bai yarda ba, gani ya kori ji. Ya hau gefen tudu inda ruwan damina ya yanke ƙasa, ya duba farin dutsen da ke ƙarƙashin jan marmara. Zai ga ɓawon kawa. Zai ga katantanwa da ta koma dutse. Zai ga wani ɗan dunƙule kamar ƙwallon goruba da zanen tauraro a bayansa: bushiyar teku ke nan, ba ta rayuwa sai cikin ruwan gishiri. Tun 1903 da 1904 Turawa suka kwashi irinta a wajen Tamaske suka kai Faransa da Ingila, suka yi rubutu a kanta. A ƙasar Goronyo, nan maƙwabtanmu, an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin guza da damo, aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Wata ƴar'uwarta, da aka samu a dutsen Igdaman cikin jihar Tawa, an sa mata Igdamanosaurus a 1991. Sunayen garuruwanmu na cikin littattafan duniya, mu masu garuruwan ba mu da labari. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Laifin wa? Ba zan ɗora shi kan manomi ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Namu ne, mu da muka yi karatu, mushe da malamin yaƙi da jahilci da ma'aikacin gidan magajin gari. Mun saba in an ce kayan tarihi sai hankalinmu ya tafi Agadas, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, inda aka tsayar da ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa. Na ƙofar gidanmu kuwa, dutse ne kawai. Muna koya wa manya harafin "k" da hoton kifi a allo, alhali haƙoran kifayen teku na cikin duwatsun jiharmu.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar jirgin sama. Hanyar ƙafa ce. A zaɓi sawun da mutane da bisashe suka riga suka saba bi, a gefen tudun Malbaza da bakin kwarin Maggiya, a share shi, a kafa alluna da Hausa, boko da ajami. Nan a rubuta: ga inda kawa ta kwanta. Can a rubuta: ga yadda dutsen nan ke zama siminti. Illela da Badagishiri su yi tasu. Ƙonni ta yi tata, ta bi da ita inda ganuwar birni ta ratsa, ta tsaya inda tsofaffi ke nuna kaburburan mutanen da sojojin Vule da Shanwan suka hallaka a watan Mayu na 1899, ta kai Masalata inda Azna ke taruwa kowace shekara don duban abin da shekara za ta kawo. Yaron da ya bi hanyar nan da ƙafarsa wuni guda, zai koma gida ya san ƙasarsa tun daga teku har kakansa.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa. Na farko: mai jin yunwa ba ya kallon dutse. To, mai jin yunwan nan ai da dutse yake ci. Mata da samarin da ke tonon jibsi, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake zubawa cikin siminti, sun fi kowa sanin wace ƙasa ke bisa wace. Su ne za su zama ƴan jagora, a biya su. A Ingila an yi wata mace, Meri Anin, ɗiyar kafinta matalauci a wani gari na bakin teku. An haife ta a 1799, ba ta yi zurfin lakwal ba. Tana tsintar irin waɗannan duwatsu tana sayarwa don a ci tuwo, ta koya wa kanta karanta rubutun masana, har su suka koma zuwa wurinta tambaya. Gaɓar tekun da ta yi tsintuwa, mai tsawon kilomita wajen 150, UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2001, kuma hanyar ƙafa na bin ta daga wannan kai zuwa wancan. Cikin matan da ke zaune a ajinmu na dare, wa ya ce babu irinta?

Na biyu: ai can akwai ruwa da iska mai sanyi, nan rana ce da ƙaya. Sai mu dubi Masar. A cikin hamadarsu akwai Wadi Hitan, wurin da ba ɗigon ruwa, amma ga ƙasusuwan manyan namun teku kwance bisa rairayi, tsawon wasu ya kai mita 15. Sun kewaye su, sun shata hanyar ƙafa a tsakaninsu, wurin ya shiga gadon duniya a 2005. Ranarsu ba ta fi tamu sanyi ba. Abin da suka fi mu shi ne sun ɗauki nasu da daraja.

Na uku: wane baƙo zai zo, ga halin rashin tsaro? Wannan gaskiya ce, baƙi sun ɗauke ƙafa. Amma wa ya ce don baƙo za a yi? Don ɗan Tsarnawa da ɗiyar Dogarawa za a yi. In zaman lafiya ya dawo baƙo ya zo, ya tarar da masu gida sun san kayansu, ba wanda zai ba yaro dala biyar ya cika aljihu ya wuce. Tun 1997 ƙasarmu ke da dokar kare kayan tarihi, amma doka ba ta tsare abin da mai shi bai san yana da shi ba.

Kuma abin ba ya jira. Kowace damina ƙorama na tafiya da wani sashe, kowace tifa ta duwatsu na tafiya da wani. Ba na cewa a daina siminti, muna son gini, muna son aikin yi. Cewa nake a keɓe ko da fage guda a gefen tudu, a ce nan ba a tono, nan makaranta ce.

Saboda haka ina kira ga sarakunanmu na Ƙonni da Illela da Dogarawa, da hukumomin garuruwa, da shugabannin gidan siminti, su zauna kan maganar nan. Ku kuma ƴan'uwana malaman karatun manya, kada mu jira takarda daga Yamai. Kowa ya ce wa ɗalibansa su zo da dutse guda mai siffa, su faɗi inda suka tsince shi, su rubuta sunan wurin da hannunsu, a ajiye a aji. Darasin rubutu ya samu, taswirar hanya ta fara fitowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.