Ra'ayinmu: Ɗakin karatu ma yana bukatar dillali

Jama'a makiyaya da 'yan tugu, kowa ya san saniya komai kyanta, in an ɗaure ta bayan gida ba mai taya ta. Sai an kai ta kara, dillali ya yi ta cigiya. Haka ilimi yake.

Ɗakunan karatu na jami'o'inmu, daga ta Abdu Mumuni a Yamai har ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, yanzu ba takarda kaɗai ce dukiyarsu ba. Tun 2003 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta buɗe shirin AGORA, wanda yake bai wa jami'o'in ƙasashe matalauta damar karanta dubban mujallu na noma da kiwo ta intanet, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, muddin sun yi rajista. A ciki akwai binciken masana kan ciwon huhu na shanu, da ciyawa, da fari. To amma ɗalibin da ba a gaya masa ba, ina zai sani? Cikin ɗaliban nan akwai 'ya'yanmu, waɗanda aka sayar da bijimi don su yi karatu.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Kundin dokokin karkara ya fito a 1993, sannan dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Duk a rubuce suke, da Faransanci. Amma ranar da aka nome burtali ko aka tare mashaya, makiyayi yakan je gaban hakimi da bakinsa kawai, alhali ɗansa na jami'a zai iya ɗauko dokar cikin salula.

Don haka muna kira ga shugabannin ɗakunan karatu su yi tallar hajarsu. Manna takarda a bango bai isa ba. A tara sababbin ɗalibai farkon shekara, a zaunar da su gaban kwamfuta, a nuna musu yadda ake shiga. A shiga gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Ranar kasuwar Dakwaro ko Abalak, a zo a kafa rumfa kusa da kara.

Mu kuma iyaye, in yaro ya dawo hutu, a tambaye shi ko ya taɓa shiga wannan rumbu, kuma me ya samo wa garke.