Kukan da muka kira asma

A gidanmu na Darna Sabon Gari, can ƙasar Illela, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na ƙanwata. Wani hunturu na fara jin ɗan fito duk sanda ta ja numfashi, kamar iska na kutsawa ta ramin ƙofa. Muka ce ƙura ce. Dama ta daɗe da toshewar hanci da yawan haɓo, kunnenta ɗaya ma ya yi nauyi, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Mai kemis ya ce asma ce, ya ba da abin shaƙa. Tsofaffi suka ce belu ne, a kira wanzami. Wani ɗan'uwa ya ƙetara Ƙonni ya sayo magani. Shekara ta zagayo, tulu ya gagare ta ɗauka, Fatiha ma sai ta huta a tsakiya kafin ta kai ƙarshe.

Da muka kai ta Sakkwato, likitan hanci da maƙogwaro ya saurare ta kaɗan, ya ce mai asma wajen fitar da numfashi yake kuka, ita kuwa wajen ja ne. Ya zura 'yar kyamara, ya nuna mani hanyar iska a ƙasan maƙogwaro ta tsuke kamar bututun biro. Da mun san wannan bambanci, da ba mu ɓata shekara guda ba.

Garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ƙananan jijiyoyin jini, cutar da kan kama hanci da huhu da ƙoda. Wani likita Bajamushe, Friedrich Wegener, ya bayyana ta a 1936, kuma da sunansa aka san ta har 2011. Kafin shekarun 1970 yawancin masu ita ba sa kai shekara biyu. Yanzu akwai gwajin jini mai suna ANCA, akwai magungunan da ke lafar da garkuwar.

Sai dai magani kumburi yake saukarwa, inda ya riga ya zama tabo kuwa sai an shiga tiyata an buɗa. Sau biyu aka buɗa mata. Ƙodarta Allah Ya tsare. Har yau in dare ya raba nakan kasa kunne ta katanga, in ji yadda take jan numfashi.