Wanda ba a ƙirga ba, ba a ɗebe masa rabo

Jama'a, a watan Yulin 2018 da amai da gudawa ta ɓulla a gundumarmu ta Madarunfa, kun tuna yadda alƙaluma suka yi aiki. Kowane mako ana sanin mutum nawa suka kwanta a N'Yalwa, nawa a Ɗan Isa, nawa a Gabi, maza nawa, mata nawa, yara nawa. Da waɗannan lambobi aka san inda za a kafa tanti da inda za a kai maganin ruwa. Haka ake yi wa tamowa da masassarar cizon sauro duk shekara. To tambayata ita ce: cikin waɗanda suka kwanta, kurame nawa ne da ba su ji sanarwar rediyo ba? Guragu nawa ne aka rasa amalanken kai su likita? Duk rahoton da na karanta bai yi wannan rabe-raben ba.

A ƙidayar jama'a ta 2012, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa INS ta ce kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar ke da naƙasa, wato mutum dubu 715 da ƴan kai. Hukumar lafiya ta duniya OMS kuwa, a rahotonta na 2022, ta ce a duniya kashi 16 cikin 100 ne, kuma da yawansu kan riga sauran jama'a mutuwa, wasu har da shekara 20. Shin mu da muka sha fama da shan inna, sanƙarau, ƙyanda da amosanin ido, mun fi duniya lafiya ne har ninki huɗu? Ko kusa. Matsalar tana ga tambaya. In ka tsaya ƙofar gida ka ce wa maigida “akwai naƙasasshe nan?”, kunya za ta sa ya ce babu. Tsohuwar da idonta ya yi hazo, a ce tsufa ne. Yaron da ba ya ji sosai, a ce taurin kai ne. Mai farfaɗiya kuwa a ce iska ce, a ɓoye shi ƙuryar ɗaki.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Masana ƙididdiga na duniya da ake kira rukunin Washington sun tsara tambayoyi 6 da babu kalmar naƙasa a cikinsu: ko kana shan wahalar gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufafi, ko fahimtar magana da fahimtar da wasu. Amsa huɗu ce: babu, kaɗan, sosai, ko ba na iyawa sam. Kowa na iya amsawa ba tare da an ci masa fuska ba.

Kada wani ya ce wannan zancen ƴan boko ne. A Tibiri, nan kusa da mu, ruwan famfo mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwashe ƙasusuwan ɗaruruwan yara tun daga tsakiyar shekarun 1980, aka kwashe shekaru sama da goma kafin a farga. Da ana rubuta kowane yaro mai karkatacciyar ƙafa tare da unguwarsa da ruwan da yake sha, da takarda ta tona asirin tun da wuri. Rashin sani ya fi dare duhu. A asibitin Danja ma, masu kuturta da mata masu yoyon fitsari da ke zuwa, kowane na ɗauke da labarin ƙauyen da magani ya makara.

Nijar ta rattaba hannu, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 31 ya wajabta tattara irin waɗannan bayanai. Muna kuma da dokar Disamban 2019. Saboda haka ba roƙo muke ba.

Abin da muke nema kaɗan ne. A sa tambayoyin nan 6 da Hausa cikin rajistar kowace CSI, daga Safo zuwa Jiratawa da Sarkin Yamma, a kuma sa su cikin ƙidaya ta gaba. Duk wata uku a liƙa sakamakon inda kowa zai gani: mata masu naƙasa nawa suka zo awon ciki, yara nawa suka samu rigakafi da maganin kyautar da aka yi wa ƴan ƙasa da shekara 5 alkawari tun 2006. A zauna da sarkin makafi, da sarkin guragu, da tarayyar ƙungiyoyinsu ta FNPH, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a tsare sirri: lamba muke son gani, sunan mutum ya zauna cikin rajista.

Ku kuma da ke cikin kwamitin lafiya na garuruwanku, a zama mai zuwa ku tambayi manjo: “Masu naƙasa nawa kuka duba watan jiya?” In ya ce ba a rubutawa, ku sa a rubuta wannan amsar cikin rahoton zaman, ku turo mana. Da ita za mu je gaban babban likitan gunduma.