Akwatin talabijin da akwatin zaɓe

A Amurka, masoyan shirin talabijin The Handmaid's Tale, da aka soma nunawa a 2017, sun yi ta sanya jajayen riguna irin na 'yan wasan, suna zanga-zangar kare 'yancin zubar da ciki. Ihu bayan hari ke nan! Tun zaɓen 2016 aikin gama ya gama: Donald Trump ya ci, ya naɗa alƙalai 3 a Kotun Ƙoli, da bakinsu aka soke hukuncin 1973 a 2022. Ina amfanin rigar? Mutanen jihar Kansas kuwa, inda Trump ya yi rinjaye, rumfunan zaɓe suka nufa a Agustan 2022, kashi 59 cikin ɗari suka ƙi yarda a cire 'yancin daga tsarin mulkin jiharsu.